Abin da aka tattara kan tsarin gidaje mai hawa-hawa

Jama'a, zancen da aka yi kan yadda za a gina tsarin kwaikwayo na kwamfuta mai hawa-hawa (cellular automata a Turance, inda "gida" ke nufin ɗan gurbi a allo) ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda a fara da hawa ɗaya. Allo ne kamar na dara, kowane gida na duba maƙwabtansa kafin ya sauya hali. An ce sabon shiga ya fara da wasan Game of Life na masanin lissafi John Conway na 1970: gida mai rai zai ɗore in maƙwabtansa masu rai biyu ne ko uku, matacce kuma ya farfaɗo in uku ne cif.

2. Sai hawa na biyu: a dunƙule gidaje tara su zama gida ɗaya a sama, agogon saman kuma ya riƙa tafiya a hankali. Nan aka rabu. Wasu sun ce gidan sama ya bi halin da ya fi rinjaye cikin gidaje taran, wasu suka ce rinjaye na haɗiye ƙananan abubuwa, domin 'yar siffar nan mai gidaje biyar da ke rarrafe a allon Conway tana iya ɓacewa ɗungurungum. Ni dai ina tare da na biyun, wannan asara ba ƙarama ba ce.

3. Ba kowace doka ke dunƙuluwa ba. An kawo binciken masana biyu, Israeli da Goldenfeld, na 2004, inda 240 cikin dokoki 256 na masani Stephen Wolfram (na gidajen da ke jere a layi ɗaya) suka dunƙulu, amma Doka ta 30 ta ƙi.

4. Ko hawan sama ya riƙa sarrafa na ƙasa? Masu nazarin cunkoson motoci da wannan tsari sun ce dole, wasu suka ce hakan na wahalar da gano tushen kuskure. Ba a cimma matsaya ba.