Abin da tsofaffin hannu suka ce game da auna kogo a Missouri

Jihar Missouri ta Amurka tana da kogo sama da 7,000, kuma 'yan sa kai ne ke auna yawancinsu. Ƙungiyar Missouri Speleological Survey tana tattara bayanan tun 1956. Da tsofaffin hannu a wannan aiki suka tattauna kan abin da ya kamata sabon shiga ya sani, an fi daɗewa a kan littafin rubutu, kuma ni ma a nan na ga muhimmancin.

Mutum uku sun isa tawaga: ɗaya ya sa alama, ɗaya ya karanta nisa da alkibla da gangara, na uku ya rubuta ya zana. Mai rubutun ya maimaita kowace lamba da babbar murya, domin ƙarar ruwa kan haɗiye magana. Da fensir ake rubutu, a takardar da ba ta jiƙa. In an yi kuskure, a ja layi a kai, kada a goge. A kuma auna kowane taki, wato daga alama zuwa alama, gaba da baya, ko da na'urar DistoX, mai auna nisa da alkibla da gangara da hasken laser, ake aiki, don ƙarfen jikin mutum ko batirin fitila yana karkatar da kamfas.

Daren da aka fito a ɗauki hoton shafukan, a ajiye kwafi wuri biyu. Kogo da yawa an sake auna su daga farko saboda littafi ɗaya ya ɓata.

Ba a shiga sai da izinin mai gona, ba a kuma yaɗa inda bakin kogo yake. A wanke kaya sosai, saboda cutar farin hanci da ke kashe jemagu tun 2006.