Wane suna za mu ba abin da ke jin gudun mota?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da samari aikin wutar mota, kuma na ɗauri aniyar rubuta musu darussan da Hausa, domin da ita suke tunani idan sun sunkuya a kan inji. Na iso kan abin da Turawa ke kira *sensor*, musamman na gudu, wanda littattafan gyara ke taƙaitawa VSS, sai alƙalami ya tsaya. A gareji kowa "sansa" yake cewa. Ban raina kalmar ba, amma ba ta gaya wa yaro aikin abin.

Ga abin da ya tayar mini da maganar. Ƙanena ya kawo mini motarsa mai giyar otomatik. Allurar maleji tana rawa, wani lokaci ta faɗi sifiri yana tsakiyar tafiya, giya kuma ta riƙa shiga da bugu. An sa mata kwamfuta a wani gareji, ta fitar da lambar matsala P0500, aka ce masa sansa ta mutu. Ya sayi ɗaya 'yar Beljiyam, ba ta canza zani ba. Ya sayi sabuwa a kwali, haka nan. Da na bi wayar da hannu sai na tarar ta goge a jikin ƙarfe kusa da giyabos, saura silin tagulla biyu ke riƙe da ita. Abin ya dame ni ƙwarai, don kuɗin da ya kashe na cefanen gidansa ne. Ina neman kalma biyu: ɗaya ta ita na'urar, ɗaya ta hanyar wutar da take ciki. Na rubuta "ma'aunin gudu" na goge, na sake rubutawa. Me kuka gani?

Mai wayarin daga Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sa ma'auni. Ma'aunin gudu ai shi ne agogon da direba ke kallo, maleji ke nan. Ita wannan ba ta auna komai. Bari in faɗi abin da take yi kamar yadda nake gaya wa yarana.

A bakin giyabos, inda juyi ke fita zuwa tayoyi, akwai wani zobe mai haƙora. Sansa tana zaune kansa, tsakaninsu bai fi kaurin farce ba. Duk haƙorin da ya gifta sai ta aika bugu ɗaya na wuta. Mota na gudu, bugun na yawaita. Birenbos, wato kwamfutar motar, shi ne ke ƙirga bugun, shi ke lissafa kilomita nawa ne a awa, shi ke yanke lokacin canza giya. Ita dai nata ta ji ta faɗa.

Kuma iri biyu ce. Akwai mai waya biyu, maganaɗisu ne da naɗin tagulla a ciki, ita ke haifar da wutarta da kanta idan haƙora na wucewa. Wannan ka zare soket ka sa mitar gwajin wuta a kan om, wajen gwada ko waya ta yanke, in ta nuna a yanke take to ta ƙone. Ko ka juya mita zuwa AC, wajen auna wuta mai kai da komowa, a juya taya, ka ga wuta na tashi gwargwadon saurin juyin. Akwai kuma mai waya uku: ɗaya ta kawo mata wuta, bolt 5 ko 12 gwargwadon motar, ɗaya ta koma jikin mota, ta uku ita ce mai kai saƙo. Wannan ka buɗe makulli kada ka tayar da inji, ka tabbatar da biyun farko, sannan ka ɗaga motar ka tokare ta da kyau, ba jak kaɗai ba, ka sa dutse a bayan taya, ka juya tayar a hankali. Mita za ta riƙa tsalle daga kusan sifiri zuwa sama ta dawo. In wuta na zuwa, komawar lafiya, amma saƙo shiru, to sannan ne za ka fara zargin sansar. Ko a nan ma zare ta ka duba bakinta, sau da yawa garin ƙarfe ne ya manne wa maganaɗisun, ko, a wasu motocin, haƙoran robar da ke juya ta sun cinye.

Ni dai shekara da shekaru sansa nake cewa, kuma mai shago ba zai gane wani suna ba.

Ɗalibar Hausa daga Zariya: Baba mai wayarin, Allah ya ƙara basira, ai kun riga kun ba mu kalmar ba ku lura ba. Kun ce "nata ta ji ta faɗa". Malam, a duba yadda Hausa ke ƙera sunan kayan aiki: buɗe ya ba mu mabuɗi, kulle makulli, duba madubi, auna ma'auni, tsefe matsefi. Sai mu tambayi kanmu wane aikatau ne ya dace da wannan na'ura.

Na gwada "gano", sai ya fito "magani", ka ga an shiga gonar likita. Na gwada "sansana", don ya yi kama da sansar da ake faɗa, sai ya zama "masansani", kunne kuma yana jin sansanin yaƙi ko na gudun hijira. "Maƙirgi" ya yi daɗin faɗa, amma Baba ya nuna mana birenbos ke ƙirga. Saura "ji". Kuma babu aikatau a Hausa da ya kai shi faɗi a wannan fage: muna jin ƙara, muna jin zafi, muna jin wari, muna jin ɗanɗano, muna jin motsi a jiki. Duk abin da gaɓa za ta ɗauko ta kai wa ƙwaƙwalwa, ji ne. Don haka ina ba da shawarar majiyi. Majiyin gudu, majiyin zafin inji, majiyin iska, majiyin ƙafa na birki. Kalma ɗaya ta ɗauki dangin gaba ɗaya.

Bakanike daga Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Mu nan ba mu cewa sansa, kalmar Faransanci muke amfani da ita, *capteur*, ma'anarta mai cafkewa. In na kira ɗan'uwa a Kano ina son kaya, sai na ɗauki hoto na tura masa kafin mu fahimci juna. Saboda haka ni ina bayan kalmar Hausa, ko wacce aka tsayar. Majiyi ya shiga kunnena ba wuya. Abin da zan ƙara wa Malam a darasinsa: motocin da ke shigowa yanzu da yawa ba su da wannan abu a giyabos domin maleji. Daga na ƙafafu suke ɗaukar gudu, na ABS, tsarin da ke hana taya kafewa in an taka birki, kowace taya da nata, sai kwamfutar birki ta raba wa sauran kwamfutocin motar labari. Kuma na ƙafa na zamani waya biyu gare shi amma ba irin mai naɗin tagulla ba ne, in ka auna shi da om za ka yanke masa hukuncin da bai dace ba. Yaro ya fara sanin motar da ke gabansa kafin ya nemi abin da babu.

Dattijo, tsohon direba: Ni a zamanin da nake jan Peugeot 504, irin wadda ake harhaɗawa a Kaduna, babu wannan magana. Kebur ne ya taso daga giyabos har bayan agogo, yana juyawa a cikin kubensa. In ya tsinke allura ta kwanta, mota kuwa ta ci gaba da tafiyarta. Yanzu jikana ya ce mini in wannan ɗan abu ya daina aiki har giya rikicewa take. To 'yata ta Zariya, ina da tambaya. A rediyo kullum muna jin "majiyarmu ta shaida mana". Me zai hana a ce majiya, tunda kalma ce da kowa ya sani, kuma ai daga gare ta ƙwaƙwalwar motar ke jin labari?

Ɗalibar Hausa daga Zariya: Baba, Allah ya ja kwana, tambayar nan ta sa na sake tunani. Majiya inda ake jin labari ne, siffarta irin ta makaranta da ma'aikata da mafaka, wato sunan wuri. Ta fuskar birenbos, gaskiya ne, na'urar majiyarsa ce. Amma in aka ce majiya, jam'in majiyi na mutum ma haka yake fita, kamar a "majiya ƙarfi", ga kuma ta 'yan jarida, ma'ana uku sun hau kalma ɗaya. Majiyi ya fi zama shi kaɗai a wannan gurbi, kuma yana tafiya da 'yan'uwansa mabuɗi da madubi. Jam'insa sai mu ce majiyai, kamar mabuɗai.

Mai wayarin daga Ƙofar Ruwa: Ban ƙi ba 'yata. Amma Malam, kalma ta biyu da ka tambaya ita ce ta fi damuna, don a nan ake cutar masu mota, da gangan ko da rashin sani. Na ga wasu na rubuta "da'ira" ko "zagayen wuta". A gareji "layi" muke cewa: layin fanka, layin fitila, layin kik. Duk yaro ya san in an ce bi layin, to daga fis za ka faro, ka bi waya, ka duba soket, ka isa abin da ke ƙarshe, ka duba komawarsa jikin mota. Lambar P0500 ba ta ce a sayi sabon abu ba. Cewa ta yi saƙon gudu bai iso yadda ake tsammani ba. P0502 saƙon ya yi ƙasa, P0503 yana zuwa yana ɗaukewa, kuma wannan ta ƙarshe in ka gan ta, girgiza wayoyi da soket kana kallon mita, galibi a nan ɓarawon yake. Ruwan wankin inji na shiga soket ya yi kore, ɓera na cin waya, zafin salansa na narkar da roba.

Ga kuma wata dabara mai sauƙi. Bar kwamfutar a jone, soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. A ja motar kana kallon gudun da take nunawa. In kwamfuta na ganin gudu amma allura kwance, nemi matsalar wajen agogo. In duka biyu sifiri ne, koma ƙasa. Sai dai wasu motocin saƙon ta agogon yake bi kafin ya isa birenbos, to agogon da ya lalace ma zai iya jawo lambar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, kowa ya ɗora mini abin da ban zo da shi ba. Ga abin da na tsayar a darasin. Na'urar: majiyin gudu, kuma a karon farko zan rubuta cewa shi ne ake kira sansa a kasuwa, don yaro ya iya sayen kaya. Agogon direba ya riƙe sunansa, maleji ko ma'aunin gudu. Hanyar wutar kuwa layin majiyin gudu, kamar yadda Oga mai wayarin ya ce. Mai waya uku da littattafai ke dangantawa da Edwin Hall, Ba'amurken da ya gano yadda maganaɗisu ke karkatar da wuta a 1879, zan kira shi majiyi mai waya uku kawai, in ambaci sunan mutumin a gefe.

Jiya na gwada a aji. Na rubuta a allo: "P0500: matsala a layin majiyin gudu." Na tambayi yaran me za su fara dubawa. Wani da bai cika magana ba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, tunda layi aka ce, fis da soket zan fara dubawa kafin in taɓa majiyin." Gobe in Allah ya kai mu da shi za mu ɗaga motar makaranta, shi zai riƙe mita.