Alajin ƙura ne ko sinus? Sati uku yarona na fama da hanci

Maman Khalil: Salam 'yan uwa. Yarona ɗan shekara 6 tun da hunturu ya shigo kullum da asuba sai atishawa a jere, majina fara kamar ruwa, yana ta murza ido da hanci, amma ba zazzaɓi, yana cin abinci yana wasansa. Mai kemis ɗin layinmu ya ce sinus ne, wato ciwon kogunan da ke kewaye da hanci, in sayi antibayotik ɗin Augmentin. In saya ko in kai shi asibiti?

Ummu Hanan: Zuma da habbatussauda kawai. Allah ya ba shi lafiya.

Hajiya Ladi: Ƙanwata kar ki biye wa mai kemis. 'Yata wata biyu ina ɗura mata antibayotik har kala uku, majina koriya mai wari ba a iya zama kusa da ita, kuma ta hanci ɗaya take fitowa amma ba wanda ya taɓa tambayata, ranar da likitan hanci ya haska sai ga guntun soson katifa ya zaro. Har yau in na tuna kuɗin nan raina ɓaci yake.

Baban Sadiq: Hancin yaran nan ai sito ne, nawa wake aka ciro 😂

Anti Nas: Maman Khalil ƙaiƙayin ido da atishawa ba zazzaɓi ya fi kama da alajin ƙura, wato jikinsa ba ya jituwa da ita, antibayotik ba ya masa komai. Ana zargin sinus ne in mura ta wuce kwana 10 ba sauƙi, ko ta lafa ta dawo da ƙarfi, ko zazzaɓi ya kai digiri 39 da majina mai kauri kwana uku a jere. Ki kai a duba shi.

Ummu Hanan: To nas ce fa ba likita ba, ni yara bakwai na raina.

Anti Nas: Ai shi ya sa na ce ta kai shi wurin likita, Yaya.

Baban Sadiq: Augmentin ɗin ma dubu 9 na saya.

Hajiya Ladi: A ina? Ni dubu 18. Tun da kamfanin GSK masu yin sa suka tattara suka bar Najeriya a 2023 ya fi ƙarfin talaka.

Maman Khalil: To turaren wuta fa? Kakarsa kullum sai ta kunna a ɗakin da yake kwana.

Hajiya Ladi: Uwar miji? Wa zai faɗa mata? Ni dai ba bakina.

Baban Sadiq: Ku bar tsohuwa, makarantun da ke sa yara shara da safe ba a yayyafa ruwa su ya kamata a tuhuma, ga kuɗin makaranta an ƙara zangon nan kuma.