"Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi": ta dace da rayuwar bangaskiya?

Ƙaramin Almajiri: Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ina yawan jin wannan karin magana a bakin matasa masu bi idan za su bar cocinsu su koma wani, wai sun daina girma a inda suke. Shin ta hau kan batun girma cikin Almasihu, ko ana jan ta ne inda ba ta je ba?

Baba Dattijo: Ɗana, ta hau, amma ba ta wannan fuskar ba. Kifin da ya lafe wuri guda, masunci yana gane makwancinsa ya jefa masa koma. Sai dai ka lura, kifi bai ce a fita daga ruwa ba, cikin ruwan yake motsi. Buɗe Littafi Mai Tsarki, Maimaitawar Shari'a sura 1. A aya 6 Ubangiji ya ce wa Isra'ilawa zamansu a dutsen Horeb ya isa haka, su tashi. Aya 2 ta ce tafiyar kwana 11 ce daga nan zuwa Kadesh-barneya, bakin ƙasar alkawari, amma sai da suka shekara 40 a jeji. Kuma ba a zaune suka cinye shekarun ba, sun sha kwance alfarwa suna kafawa. Ƙafa tana tafiya, zuciya tana nan inda aka bar ta, gunagunin jiya shi ne na yau. Wannan zaman ne tsautsayi.

Mai Nazari: Baba, a gafarce ni, ni ina tsoron karin maganar nan a bakin mai bi. A Yohanna 15 Yesu ya yi ta nanata cewa mu zauna a cikinsa, domin reshen da ya rabu da kuringar inabi ba ya ba da 'ya'ya. Zabura ta 1 ta kwatanta adali da itacen da aka dasa a bakin rafi, itace kuwa ba ya yawo. Afisawa 4:14 ma ta ɗauki wanda kowace iskar koyarwa ke kaɗawa a matsayin yaro. To, yaya za mu koya wa matasa cewa zama tsautsayi ne?

Wata Uwa: Ku bar ni in faɗi abin da ido ke gani. Mace ce ta yi baftisma tun tana budurwa, yanzu har da jikoki. Ba ta fashin sujada, kujerarta sananniya ce, waƙoƙi duk a kanta suke. Amma 'yar'uwar da suka yi saɓani shekarun baya, har yau in sun haɗu a ƙofar coci sai ta sunkuya tana gyaran ɗankwali har waccan ta wuce. A teburin Jibin Ubangiji kuma ga su a layi ɗaya. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Da Bulus ya kira Korantiyawa jarirai masu shan madara, shaidar da ya kawo ita ce kishi da jayayya a tsakaninsu, alhali mutane ne masu baye-baye iri-iri. Ko an ɗauke matar nan an kai ta coci goma, da gabarta za ta tafi.

Mai Nazari: Gaskiyarki, Mama. Ibraniyawa 5:12 ma haka take: lokaci ya yi da za su zama masu koyarwa, amma har yanzu sai an maimaita musu darasin farko.

'Yar Ƙungiyar Mawaƙa: Ina roƙon a yi hattara da masu rauni. Akwai wanda yake addu'a yana jin kamar ba ta wuce rufin ɗaki, yana karatun Littafi ba ya jin ɗanɗano, amma bai daina ba. In ya ji ana cewa tsautsayi sai ya karaya. A Markus 4 manomi yana barci yana tashi, iri yana tsiro ba tare da ya san ta yaya ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Baba Dattijo: 'Yata, ƙarasa ta mana: sai dai a daɗe ba a je ba. Wanda kike faɗa ba shi nake nufi ba, tun da abin yana damunsa. Na fi jin tsoro domin wanda ya daina damuwa. A Luka 13 mai gona ya shekara 3 yana neman 'ya'ya a jikin ɓaure bai samu ba. Mai lura da gonar ya roƙi ƙarin shekara guda, ya yi masa kaftu ya zuba taki. An yi haƙuri, amma haƙurin yana da wa'adi.

Ƙaramin Almajiri: To Baba, in cocin ne ba a koyar da Maganar Allah sosai fa?

Baba Dattijo: Yana faruwa, kuma akwai lokacin da tashi ya wajaba. Amma kafin ka ɗaga ƙafa, zauna da wani dattijo mai tsoron Allah wanda ya san ka, ku karanta Galatiyawa 5:22-23 tare, ka roƙe shi ya gaya maka ba ɓoye-ɓoye wanne cikin halaye taran nan da ayoyin suka kira 'ya'yan Ruhu ya ƙaru a halinka daga bara zuwa bana.

Mai Nazari: Na yarda da shawarar, Baba. Karin maganar dai har yanzu ba zan faɗe ta a ajin masu shirin baftisma ba, sai in akwai lokacin yin wannan dogon bayani.