Talabijin mai 4K a gaban kujerar matuƙi: abin da kowa ya gani

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina amfani da wasan tuƙin jirgin sama na kwamfuta mai suna Microsoft Flight Simulator na 2020 a kan allo mai inci 24, kuma rubutun na'urorin ɗakin matuƙi yana yi mini ƙanƙanta, har sai na jawo hoton kusa kafin in karanta tsayin jirgi ko gudunsa. Ina tunanin sayen talabijin mai 4K maimakon jera allo uku, amma kafin in fitar da kuɗi ina son jin ta bakin waɗanda suka riga suka gwada.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka duba talabijin, fara duba katin hoton da ke cikin kwamfutarka, domin allon 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato ninki huɗu na abin da 1080p yake buƙata, kuma katin ne zai zana su duka a kowane hoto. Lokacin da na haɗa GTX 1060 da talabijin mai inci 43, sararin sama ya yi kyau matuƙa, amma da na sauko kan babban birni ina shirin sauka, sai hoton ya riƙa tsinkewa har na kasa daidaita jirgin da titinsa. Da na koma RTX 3070 na kunna DLSS, wato dabarar Nvidia da ke zana hoto da ɗigo kaɗan sannan ta ɗaga shi zuwa 4K, al'amarin ya daidaita. Abu na biyu shi ne kafar HDMI: ta 1.4 tana tsayawa a hoto 30 cikin daƙiƙa idan ana 4K, ta 2.0 tana kai 60, ta 2.1 kuwa tana kai 120, kuma a katunan Nvidia sai daga jerin RTX 30 aka fara samun 2.1.

Mai Sitiyari:
Ni tseren mota nake yi da Assetto Corsa, don haka abin da ya fi damuna shi ne jinkirin da ke tsakanin juya sitiyari da ganin motar ta juya. Ranar da na fara haɗa talabijin, ina shiga kwana sai in ji hannuna ya riga idona, motar tana amsawa a makare, ni kuma ina ƙara juyawa har ta kwace mini. Dalilin shi ne talabijin yana tsayawa ya gyara hoto ya santsa motsi kafin ya nuna shi, kuma da na kunna Game Mode, wato saitin wasa na talabijin, jinkirin ya ragu nan take. Ina kuma jan hankalinka game da lambar 120 da ake bugawa a jikin kwali. Wanda na saya a kasuwa yana ɗauke da ita da manyan haruffa, amma da na buɗe saitin Windows ban ga abin da ya wuce 60 ba, domin lambar ta dabarar santsa motsi ce kawai. Ka je shago da kwamfutar tafi-da-gidanka idan tana da kafar da ta dace, ka gwada a gaban mai kaya. A ganina dai, ga mai tuƙin jirgin fasinja 60 ta wadatar.

Hajiyar Katsina:
Ƙanina, tun da karanta na'urori ne matsalarka, ka kula da yadda talabijin yake fitar da launin rubutu. Da farko ƙananan lambobin da ke allon jirgin A320, musamman kore da ruwan hoda, suna fitowa da dishi-dishi a gefensu. Sai da na canza sunan kafar zuwa PC a cikin saiti, na kuma kunna abin da LG ke kira HDMI Ultra HD Deep Colour, sannan aka sami cikakken launi na 4:4:4, wato kowane ɗigo da nasa launin, rubutu ya fito tsaf. A Samsung sunansa Input Signal Plus. Game da girma kuwa, inci 43 ya fi dacewa da tebur, domin yawan ɗigonsa a kowane inci ya ɗan haura 100, alhali na inci 55 yana wajen 80, kuma idan ka zauna kusa da shi wuyanka zai gaji da waige.

Direban Tirela:
Na yi amfani da inci 55 a Euro Truck Simulator 2, kuma na ji daɗinsa ne bayan na ja kujera baya na gyara faɗin gani a cikin wasan, har madubin gefe ya koma girman da ido ya saba da shi. Allo nau'in OLED ya fi kowane nuna tuƙin dare, amma hoton da ba ya motsi, kamar allon na'urori, yana iya barin tabo idan ya daɗe, shi ya sa na zauna a kan LED. Ka kuma lissafa wutar da inbata za ta ɗauka, don talabijin da katin hoto tare suna saurin cinye batir.

Ɗan Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Katina RTX 3060 ne, saboda haka zan nemi inci 43 mai 60, in gwada DLSS kafin in yi maganar canza kati. Hajiya, shin wayar HDMI da ta zo a kwali ta ishe ki samun 4:4:4 ɗin, ko sai da kika sayi wata?