Tallan Omo: kowa ya kawo baitinsa

Baba Na-Kanwuri: Salamu alaikum. Jiya na aiki jikana ya sawo omo, ya dawo da Klin, wai ai shi ne omo. Sai tsohon tallan nan na talabijin ya faɗo mini. Ga nawa, amsa-amo "ri".

Dare na yi mu sheƙa gidan maƙwabta,
Mu cika tabarma tun da wuri.
Ana jiran labarun tara na NTA,
Sai ga riguna biyu a sarari.
Guda ta sha garin nan shuɗi na kwali,
Ta fito fat, ba ta son ƙari.
Guda ko ta yi jirwaye, abin tausai,
Awa gabas ta haɗa hadari.

Hajiya 'Yar Mabera:
Taubashi, ji tsoron Allah ka faɗi,
Ta taga kag gani, ba ka da wuri.
An koro ka don faso da ƙura,
Kana ɗage har wuya yai tauri.
Akwatin ma baƙi da fari ce,
To ina kag ga shuɗin gari?

Abu Runjin Sambo: Wayyo! Hajiya ta gama da tsoho. A kawo likkafani, mu wanke da omo.

Ɗan Gawon Nama: Ku 'yan Mabera ko tari Hajiya ta yi sai ku ce baiti ne. Ku jira Baba ya idar da la'asar.

Baba Na-Kanwuri:
Na yarda ta taga nig gani,
Ke ko lantarki babu, kina Kware.
Sabulun salo da toka kinka sani,
Wanki a gulbi, shanya bisa tsauri.
Randa kinka fara ganin kumfa,
Kin ce nono na, a kawo gari.

Malam Mai Aruli: Baba, a gafarce ni. Kun ɗauko "ri", sai ga Kware ta shigo da "re". Amsa-amo ya karye. Sannan ɗangayen nan ban san karin da suka hau ba, ba Ramal ba, ba Mutaƙarab ba. Wani ɗango gaɓa 9, wani ya haura 12.

Ɗan Gawon Nama: Malam, makaɗan fada da kotso suke awo, ba su taɓa ƙirga gaɓa ba, kuma sarakuna na ba su doki.

Malam Mai Aruli: Wancan waƙar baka ce. Nan rubutawa muke. In da kotso za a yi, a turo murya.

Abu Runjin Sambo: To Malam, shekara biyu kana gyara mana, ko ƙwar biyu ba mu ga taka ba.

Malam Mai Aruli: Mai awo ba shi ne mai hatsi ba.

Malama Arkilla: Kun bar Omo kun koma ƙirga. Bari in sa tarihi, Malam ya yi haƙuri da lambobi.

A 1960 Lever Brothers ta kawo shi,
Daga Ikko har ya cika gari.
A 2001 suna ya koma Unilever,
Kaya dai su ne, an sake tsari.
A 2023 sun ce sun bar harkar wanki,
Amma suna ya ƙi bari.

Malam Mai Aruli: Innalillahi. Malama, 1960 kaɗai in an furta ta cinye ɗango biyu.

Sani Tsohuwar Kasuwa: Ni mai shago ne, ku ji daga bakin mai ita.

Yarinya ta zo da kuɗi a hannu,
"Ba ni omo," ba ta da wani buri.
In miƙa Viva, in miƙa Ariel,
Ta amsa ta juya da sauri.
Man goge baki duk makilin ne,
Ɗanɗanon miya duk magi, ko na jari.

Na ƙarshen ya ɗan ɗingisa, na sani, ciniki ya taso.

Hajiya 'Yar Mabera: Yallabai Sani ka kyauta. Na dawo kan taubashina, jiya baƙi suka hana ni.

Kware ta haife ni, ban musu ba,
Can anka yi mata masu tsari.
Kai da ka hardace talla tun kana yaro,
Mi ya hana rigarka yin fari?
Ran Salla na gane ka bakin fada,
Wuyan riga awa gindin tukunyar gari.
Rigar da anka nuna ta hagu,
Kai anka ara wa, faɗi asiri.

Abu Runjin Sambo: Ta hagu! Wato mai jirwayen! Baba, a bar shi haka.

Ɗan Gawon Nama: Malam Mai Aruli, ɗango na shida bai yi tsawo ba? Ko na Hajiya ba a aunawa?

Malam Mai Aruli: Ya yi. Amma Hajiya surukata ce.

Bello Gidan Dare: Salam, sai yau na ga wannan, waya ta faɗa bokitin wanki kwana uku. Wane talla ake magana, na Omo ko na giwa?

Baba Na-Kanwuri: Bello koma sama ka karanta. Hajiya, ki jira ni bayan isha'i, rigar tana jiƙe.