Ƙafar motata na ƙara, makanike ya ce a canza komai

Mai Corolla, Rijiyar Lemo:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin mota a taimaka min. Ina da Corolla 2006 'yar Amurka, shekara uku kenan tana hannuna, tunda damina ta kankama duk sanda na faɗa rami sai in ji ƙwal ƙwal a gaba ɓangaren direba, kuma kullum sai na ratsa cikin unguwa kafin in hau titin Katsina, kun dai san yadda layukanmu suke in ruwa ya sauka. Na kai wa wani makanike wallahi ko ƙarƙashinta bai leƙa ba ya ce ƙafar ta gama, wai shoka huɗu da lowa am da bol joyin da tayi rod duk a zubar. Tsakani da Allah shekara nawa kayan ƙafa suke yi ne? Mita tana nuna 168,000.

Tsohon makanike, Kwakwaci:
Wa alaikumus salam Alhaji. Da farko 168,000 ɗin nan mil ne ba kilomita ba tunda 'yar Amurka ce, in ka juya ta kai wajen kilomita 270,000, balle ma in an taɓa mitar kafin ta shigo. Masu ƙera shoka suna cewa a fara duba ta daga kilomita 80,000, wata takan ninka haka, amma lissafin titinsu ne wannan ba na Ɗorayi ko Sheka ba. Mu a nan roba ce take fara mutuwa, zafin Afrilu ya busar da ita, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya ƙarasa. Bol joyin, wato gaɓar da taya ke juyawa a kanta, da tayi rod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, akwai 'yar robar da take riƙe giris a bakinsu, ran da ta yage yashi ya shiga to kwanansu ya kusa ƙarewa ko da sababbi ne.

Kar ka biya ko sisi sai an ɗaga motar a jak kana tsaye. A kama taya sama da ƙasa a girgiza, in tana wasa bol joyin ne ko boris. A kama ta dama da hagu, in tana wasa a duba tayi rod. A sa ƙarfe a ɗan banƙara lowa am, wato ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa, a ga ko bushin, robar da ke mahaɗarsa da jikin mota, ya tsage. Shoka kuma kalli jikinta, ɗan danshi ba komai, amma in mai ya zubo ƙura ta manne ta yi baƙi ƙirin ta tafi. Ka danna gefen motar da ƙarfi ka saki, mai lafiya sau ɗaya za ta taso ta tsaya. Ni dai wannan ƙwal ƙwal ɗin da ka faɗa ya fi min kama da linkejin sitabilaiza, wato ɗan siririn ƙarfen da ke haɗa shoka da sandar da ke rage wa mota rangaji, kuma yana cikin mafi arha a duk kayan ƙafa. Wanda ya ce maka a canza komai bai duba ba, shi ya san dalilinsa.

Direban Kano zuwa Kaduna:
Baba ya faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara, in shoka ɗaya ta mutu canza biyun, dama da hagu, in ba haka ba motar za ta dinga rangaji a kwana kuma in ka taka birki gabanta ya dinga nitsewa. Ni Golf nake ja da lodi ba na wasa ba, tayoyina ne suke fara gaya min, sai ka shafa ka ji sun cinye wuri-wuri kamar an gatsa. Kuma ni shoka Baljiyam nake saya a Ƙofar Ruwa, sabuwar da na taɓa ɗaurawa kwalinta an rubuta sunan kamfanin KYB ɓaro-ɓaro, ko wata biyu ba ta yi ba ta fara zubar da mai, ashe jabu ce.

Tsohon makanike, Kwakwaci:
Direba a nan ban bi ka duka ba. Shoka Baljiyam in ka iya zaɓe, ka matsa ta ka ji tauri babu inda take wucewa salalaf, to ba laifi. Amma bushin da bol joyin na hannu? Robar da ta shekara goma sha a wata ƙasa sannan ta sha ranar kasuwa me ya rage mata. Waɗannan a nemi sabo mai kyau wajen mai shagon da zai karɓa in ya ba da matsala. Sannan Alhaji ka lura, kusoshin bushin ba a ɗaure su tamau mota na rataye, sai an sauke ta nauyinta ya zauna a kan taya, yaran gareji da yawa suna gaggawa su tsallake wannan shi ya sa sabon bushin yake yagewa da wuri.

Maman 'yan makaranta, Hotoro:
Malam ko me za ka jinkirta banda bol joyin. Tamu ta yi makonni tana ƙii ƙii in an juya sitiyari, maigidan yana ta cewa sai ƙarshen wata, ranar ina dawowa da yara daga islamiyya ina shiga kwanar layinmu a hankali kawai tayar gaba ta kwanta waje, gaban motar ya daki ƙasa, ƙaramar har ta fasa leɓe a jikin kujera. Da a titin Zariya ne ina gudu fa? Kuɗin janwe da shaf ɗin da ya fizge sun ninka na gyaran.

Mai Corolla, Rijiyar Lemo:
Na gode ƙwarai jama'a, Hajiya Allah ya kiyaye gaba. Yau da safe na kai wani gareji daban aka ɗaga ta ina tsaye kamar yadda Baba ya ce. Linkej ɗin hagu ne, da hannu ma yana kaɗawa, sai shoka ɗaya ta gaba da ta jiƙe da mai. Bol joyin lafiyarsa lau, kayan ƙafar baya ma ba abin da ya same su. An canza linkej biyu ƙarar ta ɗauke, shokar gaba kuma sai an yi albashi in sa biyun tare. Baba in an canza shoka dole sai an yi alaimen, wato saitin taya, ko sai in an taɓa tayi rod?

Tsohon makanike, Kwakwaci:
A yi Alhaji. Shokar gaban Corolla a jikin ƙafar take ɗaure, da an kwance ta saitin taya yana iya gocewa, kuma kuɗin alaimen bai kai na taya ɗaya ba.